Ina masu ƴan shanu kaɗan suke haɗuwa a Tawa?

Mushe Mai Shanu Uku (Wadata, Tawa)

Assalamu alaikum jama'a. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka bari in faɗi abin da ya same ni kafin in yi tambayar. Ku yi haƙuri da tsawon magana, tsohon malamin lakwal ne ni, ba mu iya taƙaitawa ba.

Shekara 31 na yi ina riƙe da alli, daga ƙauyukan Keita zuwa Ilela, na ƙare a nan cikin Tawa. Da na ajiye aiki, ƙanena da ke biɗa a Abijan ya aiko da kuɗi ya ce a saya masa karsana. Na haɗa da ɗan abin da aka sallame ni da shi na sayi biyu, uwargida ta sayar da tumakinta ta ƙara ɗaya. Suka zama huɗu. Da safe yara su kora su wurin makiyayin unguwa, da yamma su dawo, in ba su dusa da kanwa. Ina ganin kaina makiyayi.

Bara, farkon damina, bayan ruwa na uku, ciyawa ta fito ɗanya shar. Suka dawo gab da magariba kamar kullum. Bayan isha'i sai na ji nishi daga wajen turke. Jar saniyata ce irin Azawak, wadda muke kira Amarya, mai ba mu lita 5 a rana ban da abin da maraƙinta ke sha. Ta daina tuƙa, tana ta taka ƙasa, gefen cikinta na hagu ya tashi, in ka buga da yatsa kamar ganga. Na kira malamin dabbobin da na sani, ashe yana ƙauye, waya ba ta shiga. Na jiƙa kanwa na ba ta, don ita kaɗai na sani. Na tsaya da tocila ina kallonta, ni da uwargida, har ƙarfe 2 na dare, ta durƙusa. Sai na aiki yaro ya taso mahauci, ya sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Saniyar da aka taya jikka 380 na ƙi sallamawa, jikka 90 na karɓa, ya ce wannan ma don mutunci ne. Maraƙin wata biyu, da kunun dusa muka raine shi, har yau a tsumbure yake.

Ƙaddara ce, na yarda. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Kwana goma sha bayan haka muna zaman makoki a unguwa, ana ta hira, na ba da labarin. Sai wani tela da ke layi na uku bayan gidana ya riƙe baki ya ce, “Mushe, don me ba ka buga mini ƙofa ba? Rabin litar man gyaɗa za mu ɗura mata a hankali, mu ɗora ƙafafunta na gaba bisa tudu, mu gitta mata sanda a baki ta yi ta tauna har ta yi gyatsa. Da Allah ya so, da ta tashi.” Mutumin ga shi ke ɗinka wa ɗiyana kayan sallah shekara da shekaru. Sahu ɗaya muke yi ranar Juma'a. Ashe shekara 20 ke nan yana kiwon shanu a bayan gidansa, ban sani ba, shi ma bai san ina da su ba.

Daga nan na fara lura. Garken da makiyayinmu ke fita da shi ya kai kai 60. Na san shanun nan da fuska, na san mai karyayyen ƙaho, na san baƙar nan mai harbi. Amma in ka ce in nuna maka ƙofar gidan masu su, ba zan wuce uku ba, tunda yara ke kai su, yara ke taro su.

Kada wani ya ce in kafa ƙungiya, na riga na sha wannan ruwa. Shekaru huɗu da suka wuce an tara mu, aka ce in muna da takarda porje zai zo da abincin dabbobi. Aka yi takardu a meri, kowa ya yanki kati na jikka 1, aka naɗa shugaba da ma'aji, ni aka ba ni magatakarda don na iya Faransanci. Sau uku muka zauna, ba a taɓa maganar saniya ba ko sau ɗaya, sai maganar wa za a tura taron horo. Da porje bai zo ba kowa ya kama gabansa. Kayen yana nan cikin akwatina, shafi biyu kawai aka rubuta.

To ku da kuka riga ni cikin harkar, a ina mai saniya biyu ko biyar yake haɗuwa da irinsa? Ba manyan Alhazai masu garke a daji nake nufi ba, su suna da mutanensu. Ana ta ba ni labarin bukukuwan makiyaya, na Ingal da Hotungo, shin irina yana da abin yi a can, ko kallo ne kawai? Kuma in akwai waɗanda zamansu ya ɗore, me ya riƙe shi?

Tsohon Dillali

Wa alaikumus salam Mushe. Allah ya mayar da alheri, ya sa ita ta tare wani abin.

Ni Ba'are ne na Dogon Dutsi, amma shekarata sama da 40 a kasuwar dabbobi ta Tawa, tun kafin yunwar El Buhari ta 1984, lokacin da na ga ana ba da saniya a kan abin da bai kai kuɗin buhun hatsi ba. Jikana ke rubuta mini wannan, ni baki nake da shi.

Ka ce ba ka san inda ake haɗuwa ba, alhali duk Lahadi ana haɗuwa a gabanka. Matsalarka, sau nawa ka shiga kasuwar nan, da kuɗi a aljihu ka shiga. Mai saye ba ya jin gaskiya, mu ma ba mu faɗa masa. Ka zo ranar Lahadi ba ka sayen komai, ba ka sayar da komai. Ka riƙo goron dala 40, ka sami rumfa ka yi sallama, ka raba, ka zauna a gefen tabarma. Kada ka zo da kaye da bik, za a ce ɗan haraji ne. Kada ka sa Faransanci. Lahadi uku ka yi kana saurare, a ta huɗu su da kansu za su tambaye ka shanu nawa gare ka.

Da safe ba ka samun kowa, ido ya rufe, ana ciniki, ana lodin kamyo na Ƙonni. Bayan la'asar, in ƙura ta lafa, an raba la'ada, an ɗora shayi, nan ne makarantar. Nan za ka ji naira ta faɗi ko ta tashi, tunda yawancin bijiman nan Nijeriya suke tafiya, in naira ta yi tari kasuwarmu ke kwanciya. Nan za ka ji wane gari ɓoru, ciwon baki da kofato, ya shiga, kada ka sayi dabba daga can. Nan za ka ji an kore shanun wane, ga irin shaidar da ke kunnensu. Wannan ta ƙarshe mu muka fi kowa kasa kunne, don in saniyar sata ta bi ta hannun dillali, wuyansa ake kamawa, shi ne ya tsaya mata.

Amma in gaya maka tsakani da Allah, kada ka ɗauki dillali malaminka. Guzuma ma a bakinmu karsana ce. Waɗanda kake nema su ne ƴan gefe, masu zuwa da saniya ɗaya a igiya daga Kalfu ko Bambai ko Funkoye, su sayar su sayi hatsi. Su ne irinka.

Abu na biyu ya fi wannan sauƙi. Gobe da asuba ka bar yaran su yi barci, ka kora shanunka da kanka. Zumunci a ƙafa yake.

In wani Bafillace ya shigo ya ce ya fi ni sanin saniya, ka ce masa ubangidansa na gaishe shi.

Hajiya Mai Nono (Harobanda, Yamai)

Mushe sannu da rashi. Na karanta har na kai wurin kayen da ke cikin akwati, na yi dariya, ka yafe mini. Ku maza in za ku fara abu, da shugaba kuke farawa. Mu da buhun dusa muka fara.

Mu 11 ne, mata, a nan hayin kogi wajen Kirkisoye. Akwai Hausawa, akwai Zabarmawa, akwai Fulani biyu. Mai yawa cikinmu shanunta 6, ni 4 gare ni. Asalin abin, kowace tana sayen dusa tiya-tiya, tsada tana cin mu. Sai mu uku muka haɗa kuɗi muka sayi buhu muka raba. Daga nan ya zama adashe, jikka 2 duk Juma'a bayan la'asar, ana zagaya gidaje. Bambancinsa da sauran adashe, wadda ta kwasa ba atamfa take saye ba, abincin shanu ne, kuma sai mun gani da ido.

Doka ɗaya ce ta riƙe mu. Wadda aka zo gidanta, kafin a shimfiɗa tabarma, kafin a dama fura, sai ta kai mu turkenta. Mu duba kashin shanun, mu taɓa hantsa, mu ɗaga wutsiya mu nemi kaska. Da farko ana jin kunya, wata har ta kwana tana shara. Amma ta haka aka gane saniyata ta ci leda, watanni tana ramewa ina cewa sammu ne. Wata tsohuwa cikinmu ta danna cikinta ta ce, “Ƴar nan, wannan ba aikin mutum ba ne, aikin bola ne.” Na sayar wa mahauta tun tana da sauran nama, abin da aka fitar daga tumbinta ya cika bokiti.

Lokacin ambaliyar 2020, da kogi ya ɓalle ya ci Lamorde da unguwanninmu, ba wanda ya tuna da shanun mata, kowa ta ransa yake. Mu muka kira juna cikin dare, ƴaƴanmu maza suka haɗa su garke ɗaya suka hau da su tudu, aka yi kusan wata biyu ana kwana wurinsu bi da bi. Ko maraƙi ba mu rasa ba. Da ba mu saba shiga turken juna ba, wa zai san saniyar wa ce ke harbi, ta wa ce ke da ciki?

Ba na ce ba a faɗa. An taɓa kama ɗaya tana ƙara ruwa a madara, mai karɓa ya ce zai daina ɗaukar ta unguwar gaba ɗaya, ga masu kawowa daga Hamdallahi da Kollo suna jira. Ba mu kore ta ba. Juma'a uku aka tsallake gidanta, ba wadda ta ce uffan. Ta huɗu ta zo da goro.

Yanzu da kaka ta gabato, wannan ne lokacin da za ku fara, don harawa da kara suna arha, in an shiga bazara sai ka ji kuɗin ɗaurin ya ninka har ya wuce. Ku haɗa ku cika amalanke ku ɗora bisa rufi. Mu nan ciyawar burgu ta bakin kogi tana rufa mana asiri, ku ba ku da shi, kun fi mu buƙatar tanadi. Bijimi ma namu na haɗaka ne, a kasuwar dabbobi ta Turaku muka saye shi.

Sannan Mushe, ka tambayi uwargidanka kuwa? Ka ce ba ka san masu shanun unguwarku ba. Ita ta sani. Duk gidan da ake kaɗa nono mata sun san shi.

Ɗan Ruga (Bangi, ina karatu a jami'ar Tawa)

Baba Mushe ina wuni. Kafin komai, a gaya wa tsohon Ba'aren nan na ji saƙonsa, kuma shekara 40 yana cin abinci a wutsiyar saniyar Fulani, har yau bai gode ba.

Baba, zan faɗi abu, kada ka ga rashin kunya. Ka lissafa tela, ka lissafa ƙungiya, ka lissafa Ingal mai nisa, amma mutumin da ke wuni da shanunka tun hantsi har magariba, sau biyu kawai ka ambace shi, kuma ba ka ce ka taɓa zuwa inda yake kwana ba. Mutanen gari haka suke yi mana. Ƙarshen wata a aiko yaro da kuɗi, in saniya ta rame a aiko da faɗa. Shi ya san wadda ke neman bijimi, ya san wadda ta fara ɗingishi, ya san abin da suka ci. Kuma shi kaɗai ne ya san gidajen masu shanu 60 ɗin nan duka. Ka saya masa sukari da ganyen shayi ka je ka gaishe shi. In matarsa ta haihu ka je suna.

Game da Hotungo, garinmu ake yi, Bangi ta ƙasar Madawa, bayan damina in shanu sun dawo daga arewa. Ingal kuwa cikin Satumba ne, lokacin da dabbobi ke hawa can don ƙasa mai gishiri da ruwanta. Abin da ake nunawa a talabijin, rawa da raƙuma da jawabin manya, shi ne kaɗan daga ciki. A bayan fili ake ainihin taron. Dangi da suka rabu wata da watanni su ga juna, a yi sunayen da aka jinkirta, a ɗaura aure, a sasanta waɗanda suka yi rigima a bakin rijiya, garso da garso, wato jagororin makiyaya, su gaya wa juna inda ciyawa ta yi da inda ta ƙone. Kai da shanu uku ba abin da za ka kai can, kuma kada ka kai su. Amma ka je baƙunci, musamman in wani ya gayyace ka ka sauka a wurinsa, za ka ga yadda ake duba saniya, ka ga garke yana bin mai shi da gudu don ya san muryarsa. Sai dai ka tambayi lafiyar hanya kafin ka tashi, yanzu ba kamar da ba ne, ta wajenmu da ta arewa duka.

Abin da ke ɗaure mu da juna ba kati ba ne, haɓɓanaye ne. In ina ƙaunarka, ko na ga ka rasa, sai in ba ka aron karsana. Ka riƙe ta, ka sha nononta, ta haihu maka, a wasu wurare har sau uku, ƴaƴan naka ne, sannan ka mayar mini da uwar. Kakana ya ce bayan farin 1973 da wannan ya sake tsayawa, saniya biyu aka ɗaura masa. Wanda ya ba ka haɓɓanaye ya zama ɗan'uwa, kuma ana kula da ita fiye da taka ta kanka, don kunya. Da kana cikin irin wannan zama, daren da Amarya ta faɗi, kafin sati wani ya turo maka wadda za ta shayar da gidanka.

Akwai kuma wani taron da masu shanun gari ba su zuwa, alhali ya shafe su, wato zaman da ake yi kafin a sa ranar sakin gonaki. Hukuma da sarakai da wakilan manoma da na makiyaya ke zama. Akwai dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, akwai ta 2010 da ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin tafiya da dabbobinsa, akwai ƙungiyoyin makiyaya irin AREN da ke wannan fafutuka tun 1990. Duk da haka kowace shekara burtali ƙara tsukewa yake. Burtalin da garken unguwarku ke bi ya fita gari, in an toshe shi da fuloti, makiyayi kaɗai ake bari da rigimar. Kai da ka iya karanta takarda, nan za ka yi amfani.

Malamin Dabbobi

Mushe, ni ma ɗalibin irinku ne, gaisuwa da ban girma. Gyara kaɗan ga maganar tela. Man gyaɗa yana aiki in kumburin na kumfa ne, irin wanda ɗanyar ciyawa ke kawowa, musamman marak a farkon damina. In wani abu ne ya tsaya mata a maƙogwaro, ko leda ce, mai ba ya yin komai. Kuma a ɗura a hankali, ba a riƙe harshe, in ya bi ta huhu an kashe ta da hannu. In ta riga ta faɗi, sai huda ta gefen hagu, wannan kuwa sai wanda ya iya.

Ku haɗa kanku, amma ku rage haɗa shanunku da baƙi. Ciwon huhu ta numfashi yake bi. Duk dabbar da aka sayo daga kasuwa a ɗaure ta daban, a ƙalla sati uku, kafin ta shiga garken unguwa. Mutum ɗaya ya karya wannan, gida 20 ne za su biya. Bijimin haɗaka abu ne mai kyau, kuma kuna kusa da tushen Azawak, ga cibiyar kiwo ta Ibesetan a ƙasar Abalak, ga ta Tukunus wajen Filinge. Amma saniyar da ta yi ɓari kada a kai masa sai an duba ta, kada a taɓa mahaifa da hannu tsirara, madara kuma a dafa, don bakkale, ciwon da ke sa shanu ɓari, yana kama mutum.

Ranar allurar shekara, wadda ake yi kyauta da sanyi, ita ce ranar da duk masu shanu ya kamata su hallara, amma yara ake turo mana, mu yi bayani ga ɗan shekara 10. In kun kai gida 15 kuka sa rana ɗaya, ni ko wani abokin aikina zai zo da kansa, don man babur ɗaya ne. Ku buɗe zaure a WhatsApp don kiran gaggawa da tura hoto. Ban da rubuta wa juna allura.

Ɗan Biɗa (Abijan)

Duk zaman da ba kuɗi a ciki wata uku ne. In kuma akwai kuɗi, ma'aji ya gudu. Ni dai shanuna biyu suna hannun yayana, duk shekara sai a ce mini ba su haihu ba.

Mushe Mai Shanu Uku (Wadata, Tawa)

Jama'a na dawo, sati biyar ke nan. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ɗan Biɗa, na duba ko ƙanena ne ya ɓoye suna, sai na tuna tasa guda ce, kuma ta haihu, na tura masa hoto.

Hajiya, kin kashe ni da kunya. A daren da na karanta saƙonki na tambayi uwargida, tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba ta lissafa mini gida 14, da yawan shanun kowa, da wadda ke da tsohon ciki. Na ce don me ba ki taɓa gaya mini ba? Ta ce yaushe na tambaya? Har matar telan ma ƙawarta ce. Ta ce a daren nan ta so ta ce a taso su, ta ga ina ta fama da waya, ta yi shiru.

Baba Dillali, na kora shanu da kaina. Ranar farko mutum biyu suka tare ni suna tambaya ko yaran ba lafiya. A wurin tara garken na tarar da tsofaffi uku da kullum su ke kawo nasu, suna da ɗan dakalinsu, ashe fada ce tun da daɗewa. Kasuwa kuwa na je Lahadi huɗu. Shirun sati uku ya gagare ni, a ta biyu na tsoma baki a maganar naira, aka yi mini dariya. Kayen ma na je da shi, amma cikin aljihu, sai na fito nake rubutawa.

Ɗana na Bangi, maganarka ce ta fi yi mini nauyi. Na je wurin makiyayin, bayan gari, da sukari da shayi. Ya rasa inda zai sa ni, ya ce shekara 6 yana kiwon unguwar, ni ne na biyu da ya taɓa takowa. Muna cikin hira na kawo zancen Amarya. Ya yi shiru, sannan ya ce ranar nan ya ga ta kutsa cikin marak tun da raɓa, ya kore ta, da yamma kuma ya gaya wa yaron da ya zo tarbar su, “Ka ce wa babanka ya sa ido a kan jar nan, kada a ba ta dusa, in cikinta ya tashi a kira ni.” Autana ne, shekararsa 9 lokacin. Ya tsaya ƙwallo a hanya ya manta. Ni kuma na cika mata dusa da hannuna. Ko lambar mutumin ba ni da ita a waya. Ban yi wa yaron faɗa ba, me zan ce masa?

Yanzu muna zama duk daren Alhamis bayan isha'i a ƙofar shagon tela. Mun fara mu huɗu, jiya mu tara ne, har da makiyayin, shi ke dafa shayin don ya ce namu ruwan wanki ne. Ba shugaba, ba kati. Mun ari dokar Hajiya, amma da yake dare ne, sai muka mayar da duba turke safiyar Juma'a, gida ɗaya kowane sati. An fara da nawa, aka ce kwamin ruwana ya yi kusa da rana, kuma maraƙin nan tsutsar ciki ke cinsa, ba maraici kaɗai ba. Mun haɗa jikka 5 kowa mun sayi harawa amalanke biyu daga Funkoye. Kuɗin ba ya kwana hannun kowa, ranar da aka tara ranar ake kashewa, ko Ɗan Biɗa zai sami natsuwa. Malam, mun kai gida 12 da suka yarda da rana ɗaya, saura uku in neme ka.

Rigima ta farko ma har ta taso. Ana son a sayi bijimi, kowa ya yarda, tela ya ce Azawak, wani mai kiwon turke ya ce Gudali don nama, wannan dai za a shawo kanta. Wadda ta gagara ita ce gidan wa zai riƙa kwana. Kowa na son ɗansa, ba mai son ciyar da shi, kuma wanda ke da fili ya ce in a wurinsa ne to takin nasa ne, wasu suka ce ba su yarda ba. Mun tashi ƙarfe 11 ba a gama ba.

Hajiya, naku bijimin a gidan wa yake, kuma yaya kuke raba kuɗin abincinsa, bisa yawan shanu ko bisa gida? Alhamis mai zuwa nake son in je da amsa.